Bayan Lamba: Kariya ga Ƙarfen Naɗin Sarauta

Duk lokacin da aka yi naɗin sarauta a Adar ko Gobir Tudu, da zarar an kwance rumfuna an mayar da kujerun haya, sai ƙorafi ya biyo baya. Ana kukan kuɗin da aka kashe, kuma abin da ake fara nunawa da yatsa shi ne kayan tunawa: atamfar anko mai hoton sabon sarki, da kalanda, da ƴar lambar nan da ake maƙalawa a ƙirji. Ƴan boko na cewa kwaikwayon Nasara ne, ragowar zamanin da kumandan ke rataya wa sarakuna ƙarfe a wuya don sun tara masa haraji. Wasu malamai kuma na cewa almubazzaranci ne, ga sura a kai. Game da anko da kalanda ba zan yi dogon musu ba. Lamba kuwa ina tare da ita, kuma ina ganin masu sukarta sun haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka sai ta kasancewarsu ƙarfe mai da'ira.

Akwai lambar da ke saukowa daga sama ta faɗa wuyan sarki. A 1920 Ingila ta ƙirƙiro wadda ta keɓe wa sarakunan ƙasashen da take mulka, da kan Sarki Joji na Biyar a jiki. Faransa tana da tata, Baƙar Tauraruwa, wadda asalinta ma ta Afirka ce: Sarki Toffa na Porto-Novo ya kafa ta a 1889, Faransa ta karɓe ta a 1896, ta yi ta rabawa har aka soke ta a 1963. Irin wannan lamba lada ce. A ƙasar da aka karya Abzinawan Kel-Geres a Zangebe da Galma a 1901, aka tsara kantuna, aka ɗora wa sarakuna tara haraji da fitar da mutane aikin dole har zuwa 1946, kowa ya san aikin da ake biya da ita. Wanda ya ce ba ya son ganinta, na fahimce shi.

Lambar naɗi hanyarta daban. Daga hannun sabon sarki take fita zuwa ga waɗanda suka tsaya masa, kuma abin da take faɗa ɗaya ne: rana kaza aka naɗa wane, mai riƙe da wannan yana cikin mutanen ranar. A Ingila an fara buga ta a 1547 don Edward na Shida. Daga baya aka riƙa watsa wa taro ita a wurin bikin, har zuwa naɗin Sarauniya Biktoriya a 1838. A 1911 aka fara ba waɗanda ba su halarci bikin ba. A 1937 an raba wajen 90,000, a 1953 an raba 129,051, ana ba kowace ƙasa kasonta hukumarta ta zaɓi waɗanda za ta ba, a 2023 kuma aka tanadi sama da 400,000 don Sarki Charles. Habasha ta buga tata a naɗin Haile Selassie a 1930. Faransa kuwa tun Charles na Goma a 1825 ba ta sake naɗa sarki da mai da kambi ba. Shi ya sa Bagobirin Sabon Birni ko Isa, wanda iyaka ta jefa ƙarƙashin Ingila mai sarki, ya samu hanyar ganin lambar naɗi a ƙirjin wani babba, ɗan uwansa na Madawa kuwa bai taɓa sanin wata lamba ba sai ta lada. Daga nan ruɗanin ya samo tushe, kuma har yau shi ke bakin masu suka.

In an duba da kyau, aikin da lambar naɗi ke yi ba baƙo ba ne a fadarmu. An naɗa sarki, jama'a sun zo caffa, shi kuma ya tufatar: wannan riga, wancan rawani, wani alkyabba, babba a ba shi doki. Kyautar ranar naɗi shaida ce tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya san wanda aka ba ya shiga, wanda ya ƙi karɓa kuma ya bayyana matsayinsa. Matsalar riga ita ce tana tsufa. Shekara goma ta koɗe, ashirin gara ta shige ta, jika ya tashi bai san kakansa ya taɓa samunta ba. Doki kuwa ko shekarun sarautar ba lalle ya kai ba.

Za a ce ai muna da waƙa. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma masu kawo ta galibi mutane ne da nake girmamawa, amma ba ta tsaya ba. Babu mai musun abin da Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, ko abin da Ɗanƙwairo ya yi wa sarakunan da ya waƙe. Waƙar fada tana riƙe asali, tana jera kakanni, tana zambo ga ɗan sarkin da ya nema bai samu ba. Abin da ba ta riƙewa shi ne kwanan wata, don ba aikinta ba ne. Makaɗi yana son ya nuna sarautar ubangidansa tun fil azal take, saboda haka ambaton shekara ma rage mata tsawo ne a wurinsa. Jerin sarakunan da maroƙa ke haddacewa ma haka yake, wane ya yi shekara bakwai, wane ya yi arba'in. Ko Tarihin Kano, da duk darajarsa, tsawon mulki yake bayarwa, masu bincike ne suka yi lissafi da baya-baya suka fitar da shekarun.

Mun san Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar wajen 1674, mun san an tuɓe shi daga Agadas a 1721 ya dawo ya zauna a Adar, saboda malaman Agadas sun rubuta da shekara, Djibo Hamani kuma ya bi sawunsu a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. To ƙananan gidaje fa? Keita ta Lisawan, da Tamaske, da Garhanga, da Buza, da Dewule, da tambarin Kel-Geres na Arzarori da Galma: mai neman ranar da aka naɗa wani daga cikin sarakunansu na farkon ƙarnin jiya, sau da yawa sai ya koma ga rahoton kumandan a ɗakin ajiyar takardu na Yamai ko Dakar ko Faransa. Wato mutumin da ake zargin lamba da kwaikwayonsa, shi ne har yanzu ke riƙe mana da kwanan watanmu. Wannan ya fi ƙarfe a ƙirji zama abin damuwa.

Saboda haka ni a lamba bayanta nake dubawa. Fuska kowa ita yake kallo, amma gwanintar mai ƙira a baya take, inda fili bai wuce faɗin milimita 32 ba kuma dole a zaɓi abin da zai shiga. A ɗauki ta 1953, wadda Cecil Thomas ya tsara. A gaba Sarauniya Elizabeth ce da kambi, tana duban dama, babu harafi ko ɗaya tare da ita. A baya aka tara magana duka: haruffan sunanta a tsakiya, kambi a samansu, sannan rubutu ya kewaye gefe yana faɗin suna, da aikin da aka yi, da ranar 2 ga Yuni 1953. Babu kirari, babu jerin ƙasashen da take mulka, alhali a lokacin suna da yawa ƙwarai. Wannan kamewa ita ce ta sa lambar ba ta tsufa ba. Ƙasashen sun tafi ɗaya bayan ɗaya, Najeriya a 1960, amma babu kalma guda a jikin ƙarfen da ta zama ƙarya. Da an cika ta da taƙama, da yau abin kunya ce a akwati.

Ta 1937 kusan haka take, sai dai a gaba Percy Metcalfe ya jera kawuna biyu, Joji na Shida da matarsa, ɗaya a bayan ɗaya, salon da aka sake komawa gare shi a 2023. Wasu masu tara lambobi sun fi yabon wannan, wai ta fi cika ido. Ni ban ga haka ba, kai biyu a fili ɗaya cunkoso ne. Abin da ya ba ta daraja shi ne 12 ga Mayu 1937 da ke bayanta, don ranar tana da labari. An sa ta ne tun farko don wansa Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a Disamba 1936 kafin a ɗora masa kambi. Ƴan kasuwa sun riga sun buga kayan tunawa da fuskarsa da wannan rana, suna nan har yau suna shaidar naɗin da ba a yi ba.

Ta 1902 ma ta faɗa irin wannan rami, kuma ita ta hukuma ce. An buga mata 26 ga Yuni, sai ciwon ciki ya kama Edward na Bakwai aka yi masa aiki, aka ɗage bikin zuwa 9 ga Agusta, lambar kuwa aka raba ta da tsohuwar ranar. Masu suka suna iya ɗaukar wannan su ce ga shi, ƙarfe ma yana ƙarya. Abin da ni na gani a ciki shi ne ƙa'ida ta farko ta wannan sana'a: ba a zuba lamba sai an gama naɗi. Shaida ba ta riga abin da za ta shaida. Lambobin roba da ake bugo mana daga Kano ko Yamai mako biyu kafin biki suna karya wannan ƙa'ida kullum, shi ya sa suka fi kama da kayan yaƙin neman zaɓe.

A Nijar ƙa'idar ta fi nauyi, don sarkin kanto yana da ranaku uku. Akwai ranar da masu gari suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓe shi cikin ƴaƴan gidan, kamar yadda dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta tsara, bisa sawun ta 1993. Akwai ranar da ministan cikin gida ya sa hannu a takardar tabbatarwa. Akwai kuma ranar rawani, wadda kan zo bayan watanni, wani lokaci bayan ƴan takarar da suka faɗi sun kai ƙara an yi shari'a. Wace za a sa? Ta zaɓe tana tuna wa gida ranar da ya rabu, kowa ya san wanda ya jefa wa wane. Ta minista tana da mazauni a jaridar gwamnati, ba ta bukatar taimako. Ta rawani ita ce ranar da aka buga tambari, wanda ya faɗi ya zo ya gaida wanda ya ci, talaka ya gani da idonsa. Ita kaɗai ce babu wata hukuma da aka ɗora wa ajiye ta, kuma ita ce ta cancanci azurfa.

Ba na cewa ƙarfe yana ba da sarauta. Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Bangi ta Afirka ta Tsakiya ranar 4 ga Disamba 1977, da kambi da karaga da lambobi, bai cika shekara biyu ba aka kifar da shi. Lamba tana ajiye abin da jama'a suka riga suka yarda da shi ne kawai.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin Ingilishi sun yi sakaci, shi ne kaurin gefen lamba. Ta 1953 an raba ta babu sunan mai karɓa, in ban da guda 37 da aka ba tawagar da ta hau dutsen Everest, waɗanda aka zana musu sunan tafiyar a gefe. Sauran duka iri ɗaya ne, in ta bar gidan mai ita ta zama ta kowa. A wurinmu wannan gefen shi ne zai fi amfani. Ba sunan mutum za a sa ba, muƙaminsa da garinsa za a sa: maigarin gari kaza, limamin fada, sarkin maƙera, sarkin aski, ardon rugar wane, magajiya. In aka yi haka, lambobin naɗi guda sun zama jerin garuruwa da rugage da sarautun da ke ƙarƙashin kanto a wannan shekara. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu kan gona a kwarin Majiya, ko kan burtali tsakanin manomi da makiyayi, ko kan wane ƙauye ke bin wane sarki, ya san darajar abin da ba a iya gogewa a sake rubutawa.

Sai maganar sura, wadda a nan nake tare da malamai fiye da yadda suke zato. Fuska ba ta da aiki a lambar sarkin Hausa ko na Abzinawa. Sarkinmu ranar da ya fi cika sarki, ranar ce ya fi rufe fuska. Amawali ya rufe baki, rawani ya sauko goshi, Ba'abzine kuma ido kawai ya bari. Kwarjinin yana cikin abin da aka ɓoye. Mai ɗaukar hoto ya zo ya manna wannan a kan roba, abin da ya samu shi ne farin ƙyalle da tabarau, wanda bayan shekara talatin ba mai iya bambanta shi da na maƙwabcinsa. Bature ya sa kan sarkinsa ne don tun zamanin Rumawa haka kuɗinsa yake. Mu kuma muna da wata hanyar da ta daɗe. A shekara ta 77 bayan Hijira halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire sura daga dinari ya bar rubutu zalla, duniyar Musulmi ta bi shi ɗaruruwan shekaru. Kusa da gida, wasiƙun Borno da Sakkwato da Agadas suna ɗauke da hatimi: ƙaramin ƙarfe, sunan mai sarauta, addu'a gajeriya, wani lokaci da shekara. Wannan shi ne kakan lambar da nake karewa. Hatimi ne da aka juya rubutunsa ya karantu kai tsaye, aka yawaita shi, aka ba shaidu maimakon a bar shi a aljihun magatakarda. Wanda ya kira wannan kwaikwayon Nasara bai buɗe tsofaffin wasiƙun gidansu ba.

A gaba, inda Bature ya sa kai, sai a sa abin da ke sarautar da gaske. Ga gidajen Kel-Geres tambari ne, tun da sunan sarautar ma daga gare shi yake. Wani gida takobi ne, wani mashi, wani sanda ko kandu da aka gada. Kowane gida ya san kayan da ake fitowa da su ranar naɗi kaɗai, a mayar da su ɗaki sai wani naɗin. Su ne ba sa canzawa in sarki ya canza, su ne kuma ya kamata jikoki su gane. Aya kuwa a bar ta a allo, abin da za a rataya a shiga da shi kasuwa da bayan gida ba wurinta ba ne.

Masu yin aikin suna nan, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai in na ga an tafi neman roba. Maƙeran fari na wannan yanki, Hausawa da Abzinawa, sun gaji zubin kaki. Maƙeri zai siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƴar kafa, ya gasa a gawayi yaro na jan zugazugi har kakin ya narke ya tsiyaye. Sai ya narka azurfa ya zuba a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun, ya bi da magagari, sannan ya zauna da ɗan ƙarfe mai tsini ya yi zane da hannu. Da haka ake yin tsakiyar wuyan nan da duniya ta sani da sunan Agadas, wadda Tawa da Madawa ma kowace ke da nata samfurin. Azurfar da kakanninsu suka yi aiki da ita, da yawanta daga kuɗin Mariya Tereza ta Ostiriya ta fito, wanda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 tun bayan rasuwarta, fatake suka kawo shi ta Sahara. Hannun da ya saba narkar da kan sarauniyar Turai ya mayar da shi adon gida ba zai gaza zuba wa sarkinsa lamba ba. Tun da kowane zubi sai an fasa mazubinsa, babu biyu da za su zo daidai, kuma wannan ba aibi ba ne, shi ne zai hana a yi jabunta a inji. Masu cewa ta inji ta fi tsabta suna auna lamba da ma'aunin kwabo.

Kuɗi ba zai zama hujja ba, don ba dubu ɗari huɗu ake nema ba. Masu garin da suka yi zaɓe, da ƴan majalisar fada, da shugabannin sana'o'i, da sarakunan da suka zo taya murna, da ƴan uwan da suka yi takara suka faɗi, waɗanda ni a ganina su ya kamata a fara miƙa wa. Azurfa ga waɗannan, tagulla ga sauran, zinariya kuwa babu ita tun da maza ne mafi yawan masu ratayawa. Abin da ake kashewa a man motocin rakiya na yini ɗaya zai ɗauki nauyin babban kaso, kuma kuɗin a maƙerar garin zai tsaya. Rubutun baya layi uku ya isa: sunan sarki da na mahaifinsa, sunan sarautar yadda mutanen ƙasar ke faɗinta, da ranar rawani. A rubuta da ajami a kewaye, boko a tsakiya, a ƙara tifinag inda gidan na Abzinawa ne. Ranar kuma a sa ta Hijira da ta Miladiyya duka biyu, don liman da wata yake lissafi, alƙalin kotu kuma da kalandar gwamnati, ganin wata kuwa yakan bambanta da kwana guda tsakanin Madawa da Sabon Birni.